Nanoha A's: Katun ɗin Japan da zangonsa na biyu ya shafe na farko

Dare ne na watan Disamba a Uminari, wani ƙirƙirarren birni da ke bakin teku a ƙasar Japan. Wata yarinya mai jajayen kaya, riƙe da guduma, ta sauko daga sama ta auka wa wata 'yar aji uku a firamare mai suna Nanoha Takamachi, ba sallama ba bayani.

Kafin a kai ƙarshen kashi na farko, an farfasa sandar yaƙin Nanoha, an keta rigar kariyarta, an jefa ta cikin wani bene. Jarumar da ta kammala zangon farko da nasara, ga ta zube cikin ɓaraguzai, da ƙyar take iya ɗaga hannu.

Da haka aka buɗe zango na biyu na fim ɗin katun mai suna Mahou Shoujo Lyrical Nanoha A's, wanda kamfanin Seven Arcs ya shirya, aka haska shi daga Oktoba zuwa Disamban 2005 a kashi 13.

A harkar finafinai masu dogon zango, an saba ganin zango na biyu yana cin albarkacin na farko ne kawai: a maimaita abin da ya yi kasuwa, a ƙara masa hayaniya. Shi kuwa A's, har yau masu bibiyar katun na Japan, wato anime, suna kawo shi misali idan ana maganar ci gaban labarin da ya zarce tushensa.

Babban dalili shi ne marubucin labarin, Masaki Tsuzuki, ya cire abin da kusan kowane fim ɗin faɗa yake dogara da shi, wato bos. Ɓangarorin da ke gwabzawa duk suna da hujjar da mai kallo zai iya tsayawa a bayanta, kuma rayuwar wata marainiya 'yar shekara tara ce a tsakiyarsu.

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa bayanin da ke tafe zai fayyace yadda labarin ya ƙare.

Daga Sally zuwa Nanoha

Kalmomin mahou shoujo a harshen Japananci na nufin yarinya mai sihiri. Salo ne mai tsohon tarihi a talabijin ɗin ƙasar. A 1966 kamfanin Toei ya fitar da Mahoutsukai Sally, wanda aka ɗauko daga zanen Mitsuteru Yokoyama, labarin wata gimbiya daga duniyar sihiri da ta zo zama cikin mutane. A 1969 Himitsu no Akko-chan ya biyo baya, inda madubi ke bai wa yarinya damar rikiɗa.

A 1992 Sailor Moon na Naoko Takeuchi ya sauya akalar salon, ya mayar da 'yan matan rundunar mayaƙa masu kare duniya. Cardcaptor Sakura ya zo a 1998 da labarin yarinyar da ke tattara wasu katuna da suka warwatse. A farkon 2004 kuma Pretty Cure ya shigo da naushi da shuri.

Duk waɗannan an yi su ne da ƙananan yara mata a zuciya. Nanoha ya bambanta tun daga tushe. Jarumar ta samo asali ne daga wani wasan kwamfuta na manya mai suna Triangle Heart 3, inda take ƙanwar jarumin wasan. Da aka ba ta nata fim ɗin a 2004, cikin dare aka riƙa haska shi, lokacin da yara sun yi barci, saboda matasa da manya ake hari.

Shi ya sa sihirin da ke cikinsa bai yi kama da na tatsuniya ba. A duniyar Nanoha, sihiri wani reshe ne na kimiyya da lissafi. Sandunan yaƙin kwamfutoci ne masu magana. Akwai jiragen yaƙi da ke ratsa duniyoyi, akwai kuma wata hukuma mai sojoji da kotuna da ke sa ido kan makamai masu haɗari da tsofaffin al'ummomi suka bari. Masu kallo da dama sun fi kwatanta faɗace-faɗacensa da na finafinan Gundam a kan na Sailor Moon.

Abin da zangon farko ya bari

Zangon farko, wanda Akiyuki Shinbo ya ba da umarni, ya fara ne a hankali. Nanoha ta tsinci wata dabba mai kama da tunku da ta ji rauni, ashe wani yaro ne masanin kayan tarihi mai suna Yuuno Scrya. Ya ba ta sandar Raising Heart, ya roƙe ta ta taya shi tattara wasu duwatsu 21 masu haɗari da suka zube a birninsu.

Kashi-kashin farko sun bi tsarin da aka saba: dutse ya haddasa ɓarna, Nanoha ta je ta kama shi, a jira mako mai zuwa. Mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin kwaikwayon Cardcaptor Sakura.

Labarin bai kankama ba sai da Fate Testarossa ta bayyana, wata yarinya mai yawan shiru da ke neman duwatsun domin mahaifiyarta, Precia. Daga baya aka gano cewa Fate kwafi ce ta 'yar Precia ta asali, Alicia, wadda ta rasu. An ƙera ta ne a ɗakin gwaje-gwaje aka cusa mata tunanin marigayiyar. Precia tana zane ta da bulala, a ƙarshe ta furta mata cewa ba ta taɓa ƙaunarta ba.

Rabin ƙarshe na zangon ya yi ƙarfi, amma tsarinsa a fili yake: ga uwa azzaluma, ga 'yar da ake zalunta, ga jarumar da za ta cece ta. Mai kallo bai taɓa shakkar ɓangaren da zai bi ba.

A zango na biyu, Keizo Kusakawa ne ya karɓi ragamar ba da umarni, yayin da Tsuzuki ya ci gaba da rubutu. Sun gaji duniyar da aka riga aka gina da jarumai biyu da aka riga aka sani, don haka ba su ɓata lokaci kan gabatarwa ba. Labarin ya ɗora ne wata shida bayan na farko, lokacin da shari'ar Fate ke gab da ƙarewa.

Littafi mai shafi 666

Yarinyar da ta kai wa Nanoha hari sunanta Vita. Tana ɗaya daga cikin wasu mayaƙa huɗu da ake kira Wolkenritter. Sauran su ne Signum, shugabarsu mai takobi, da Shamal mai zobba wadda ke warkar da rauni, da Zafira mai siffar kerkeci.

Su huɗun ba mutane ba ne. Masu gadi ne da ke cikin wani tsohon kundi da ake kira Littafin Duhu. Littafin yana da shafi 666, dukansu babu rubutu, kuma ana cika su ne ta hanyar zuƙe ƙwayar ƙarfin sihiri daga jikin masu ita. Duk lokacin da ya cika, sai ya haddasa halaka, ya kashe mai shi, sannan ya sake ɓulla a hannun wani a wata duniyar.

A kashi na biyu an nuna muninsu ƙarara. Nanoha na shirin harba babban makaminta, sai hannun Shamal ya ɓullo ta ƙirjinta daga nesa, riƙe da ƙwayar ƙarfinta. Duk wanda ya ga wannan zai yanke hukuncin cewa ga miyagun fim ɗin nan.

Sai kyamara ta bi su gida.

Gidan wata yarinya ce mai suna Hayate Yagami. Marainiya ce, ba uwa ba uba, tana zaune ita kaɗai a kan keken guragu saboda wata cutar shanyewar ƙafa da likitoci suka kasa gano musabbabinta. Littafin yana ɗakinta tun tana ƙarama, ɗaure da sarƙa. Daren da ta cika shekara tara ya buɗe, mayaƙan huɗu suka bayyana, suka durƙusa suna jiran umarni.

Iyayen gidansu na baya duk sun ɗauke su ne a matsayin makamai. Ita kuwa Hayate, abin da ya fara zuwa mata shi ne cewa yanzu cinsu da suturarsu sun rataya a wuyanta. Ta auna su domin a saya musu kaya. Ta riƙa dafa musu abinci. Ita ta zana musu kayan yaƙinsu. Wannan ne ya sa Vita ta harzuƙa a kashi na farko lokacin da harbin Nanoha ya lalata mata hula, abin da mai kallo ba zai gane dalilinsa ba sai a tsakiyar zangon.

Da Signum ta bayyana mata cewa cika littafin zai ba ta iko mai yawa, har ma ta iya taka ƙafarta, Hayate ta ƙi. Ta ce ba ta son abin da zai cutar da wasu. Ta sa Signum ta yi mata alkawarin cewa ba za su taɓa tattara ko shafi ɗaya ba.

Alkawarin da aka karya

Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kuma a kan wannan kayan aka ɗora dukan zangon. Bayan 'yan watanni, likitar Hayate ta shaida wa mayaƙan cewa shanyewar tana hawa sama, kuma idan ta kai kayan ciki, rayuwar yarinyar na cikin haɗari.

Nan suka gane cewa littafin ne ke cin ta. Tun da ba a ciyar da shi da ƙarfin wasu ba, ya koma yana zuƙar nata. Wato kasancewarsu tare da ita, wadda ita ce farin cikinta na farko a rayuwa, ita ce ke kashe ta.

Suka shiga tsaka mai wuya. Idan suka riƙe alkawari, za ta mutu. Idan suka karya, sun ci amanar mutum ɗaya tilo da ta taɓa ɗaukar su a matsayin 'yan uwa. Suka zaɓi karyawa a ɓoye, bisa tunanin cewa idan littafin ya cika, za ta zama cikakkiyar mai shi, cutar ta tsaya. Suka gindaya wa kansu sharaɗi guda: ba za su kashe kowa ba, don kada jini ya ɓata mata gaba. Sau da yawa ma sukan tafi wasu duniyoyi su yi artabu da manyan namun daji domin su rage taɓa mutane.

Daga nan kowane faɗa ya sauya ma'ana. Idan Nanoha da Fate suka yi nasara, Hayate ta matsa kusa da kabari. Idan mayaƙan suka yi nasara, duniya ta matsa kusa da halaka. Mai kallo ya san abin da kowane ɓangare bai sani ba, kuma ba shi da wanda zai yi wa fatan faɗuwa.

Akwai kuma wani ƙulli. Binciken da Yuuno ya yi a babban ɗakin karatu na hukumar ya gano cewa asalin sunan kundin shi ne Littafin Sararin Dare, kuma an yi shi ne domin adana ilimin manyan masana. Wasu daga cikin waɗanda suka mallake shi ne suka yi masa kutse har ya lalace. Lalacewar ta shafi tunanin mayaƙan kansu, shi ya sa suka manta yadda iyayen gidansu na baya suka ƙare. Suna sadaukar da komai ne a kan maganin da zai kashe majinyaciyar.

Kashi na tara ya haɗa duk wannan a ɗaki guda. Suzuka, ƙawar Nanoha, ta san Hayate a laburare ba tare da sanin ko wace ce ita ba. Ranar jajibirin Kirsimeti ta ja Nanoha da Fate da ƙawarsu Arisa zuwa dubiyar ba-zata a asibiti, suka tarar da mayaƙan a bakin gado. Abokan gaba suka yi ido huɗu, amma ba wanda ya isa ya nuna komai a gaban marar lafiya. Ana miƙa kyaututtuka, ana karɓar riguna, Vita tana harara. Babu harbi ko ɗaya a wannan fage, amma yana cikin waɗanda suka fi tayar da hankali a zangon.

Jami'in da ya yi lissafi da ran marainiya

Idan akwai wanda ya kusa zama mugu, to Gil Graham ne, wani babban kwamanda a hukumar, ɗan asalin Ingila. Dattijo ne mai fara'a wanda kowa ke girmamawa.

Shekara 11 kafin labarin, Littafin Duhu ya ƙwace iko da wani jirgin hukumar da ke ɗauke da shi. Kyaftin ɗin jirgin, Clyde Harlaown, ya kwashe mutanensa ya tsaya shi kaɗai. Graham ne ya ba da umarnin harba igwar Arc-en-ciel, wadda ta shafe jirgin da kyaftin ɗin. Littafin kuma ya sake ɓulla a wani wuri, kamar yadda ya saba.

Clyde shi ne mijin Lindy Harlaown, kwamandar jirgin da ke binciken lamarin a yanzu, kuma mahaifin Chrono, matashin jami'in da ke jagorantar aikin.

Graham ya gano inda littafin ya koma tun kafin kowa. Ya yi shigar abokin mahaifin Hayate, ya riƙa ɗaukar nauyin rayuwarta daga nesa. Shirinsa shi ne ya bari littafin ya cika, sannan a daskarar da shi tare da yarinyar cikin ƙanƙara har abada, tun da lalata shi ba ya hana shi dawowa. Hadimansa biyu, tagwaye masu siffar kyanwa, su ne ke shigar burtu suna taimaka wa mayaƙan domin a gaggauta cikar shafukan.

Da Chrono ya tsare shi, Graham bai musa ba. Ya bayyana cewa ya ji tausayin yarinyar, amma ya ga cewa tun da ba ta da kowa, waɗanda za su yi kukan rashinta ba su da yawa.

Hujjar tasa tana da nauyi a ma'aunin lissafi: rai ɗaya a madadin rayuka marasa adadi, daga bakin mutumin da ya ga ɓarnar da idonsa. Fim ɗin bai mayar da shi mahaukaci ba. Amsar da aka ba shi ta fito ne daga bakin yaron da ya rasa uba a dalilin littafin, wanda ya fi kowa dalilin neman fansa. Chrono ya ce masa abin da yake shiryawa ya saɓa doka, domin yarinyar ba ta aikata laifin da za a yanke mata irin wannan hukunci ba, kuma ko an ɓoye ƙanƙarar a ina, wata rana wani mai kwaɗayin iko zai tono ta.

A 2012 an sake shirya labarin a matsayin fim ɗin silima, The Movie 2nd A's. Zanen ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma an cire Graham da tagwayensa gaba ɗaya, aka ɗora laifin a kan gurɓatacciyar manhajar littafin. Labarin ya yi sauƙin bi, sai dai tambayar da ta fi kowace nauyi a cikinsa ta tafi tare da dattijon.

Mafarkin Fate

Wani abin da zangon ya yi daidai shi ne bai ɗauki raunin Fate a matsayin abin da ya wuce ba. An ga ta tana koyon abubuwan da kowane yaro ya ɗauka banza: shiga makaranta, riƙe wayar salula, zama a gidan da ba a dukan ta. Lindy ta nemi ta riƙe ta a matsayin 'ya, amma Fate ta kasa ba da amsa nan take.

Bayan tagwayen Graham sun yi shigar Nanoha da Fate sun hallaka mayaƙan a gaban idon Hayate, baƙin ciki ya sa littafin ya farka ya mamaye jikinta. Ruhin littafin, wata mata mai farin gashi da ke yaƙi hawaye na zuba daga idonta, ta haɗiye Fate ta jefa ta cikin mafarki.

A mafarkin, Precia uwa ce mai taushin hali, Alicia tana raye a matsayin yayarta, ana karin kumallo tare. Duk abin da Fate ta taɓa roƙo ga shi a gabanta, kuma an ba ta damar zama a ciki har abada. Ta san ƙarya ne. Ta yi kuka, ta yi sallama da Alicia, ta fasa mafarkin ta koma fagen daga.

Wannan fage ya rufe labarin zangon farko fiye da yadda zangon farkon ya rufe kansa. A ƙarshe ta zama Fate T. Harlaown, ta ɗauki sunan sabon gida ba tare da ta yar da na tsohon ba.

Harsashi, Jamusanci da waƙa

Ta fuskar faɗa ma zangon ya kawo sabon abu mai dalili. Makaman mayaƙan suna amfani da wani tsohon tsari na harsashi: a cusa kwanso mai ɗauke da matsattsen ƙarfi, makamin ya yi tartsatsi, ya tofar da kwanson kamar bindiga. Da wannan suka ragargaza sandunan Nanoha da Fate.

A ɗakin gyara, sandunan biyu da kansu suka ƙi amincewa an kammala aiki, suka buƙaci a sanya musu irin wannan tsari duk da haɗarinsa. Suka dawo da sababbin sunaye, Raising Heart Exelion da Bardiche Assault. Ƙarin ƙarfin ya biyo bayan kaye ne, kuma ya nuna cewa su ma sandunan suna da zuciya.

An bambanta ɓangarorin har a harshe. Sandunan Nanoha da Fate da Turanci suke magana, inda Donna Burke, 'yar Ostireliya mazauniyar Japan, ta ɗora muryar Raising Heart. Makaman mayaƙan kuwa da Jamusanci suke magana, inda Tetsuya Kakihara, wanda aka haifa a Jamus, ya ɗora muryar makaman Signum da Vita. Kunne kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo cewa al'adun yaƙi biyu ne suka haɗu.

Yukari Tamura ce ta ɗora muryar Nanoha, Nana Mizuki ta Fate, sai Kana Ueda da ta yi ta Hayate da karin harshen yankin Kansai, abin da ya ƙara wa yarinyar ɗumi da barkwanci. Waƙar buɗe fim ɗin, Eternal Blaze, wadda Mizuki ta rera, ta kai mataki na biyu a jadawalin Oricon na mako-mako. A 2009 Mizuki ta zama mai ɗora murya ta farko da kundin waƙoƙinta ya hau saman jadawalin, kuma a shekarar ta fara fitowa a bikin waƙoƙin ƙarshen shekara na Kohaku da tashar NHK ke shiryawa.

Ita kanta Nanoha, a wannan zangon ne halinta ya fito sosai. Kullum buƙatarta ɗaya ce, a tsaya a yi magana. Idan aka ƙi, sai ta buɗe wuta har sai an saurara. Da Vita ta kira ta shaiɗaniya, ta amsa cewa ta yarda da sunan idan ta haka ne za a ji maganarta. Daga irin wannan ne masoyan fim ɗin suka samo barkwancin cewa Nanoha ba ta ƙulla abota da kowa sai ta fara kai shi ƙasa.

Inda aka samu rauni

Duk da haka, zangon bai tsira daga suka ba. Mafi girma shi ne fagagen rikiɗa, inda ake nuna jaruman, waɗanda yara ne 'yan shekara tara, suna sauya kaya ta hanyar da ba ta dace ba. Ba su ƙara wa labarin komai ba, kuma sun isa su sa iyaye su yi hattara. Ganin zanen yara a jikin hoton fim ɗin ba ya nufin na yara ne.

Na biyu, hukuncin Graham ya yi sauƙi. Mutumin da ya shirya binne marainiya da ranta, abin da ya same shi kawai shi ne ya ajiye aiki ya koma Ingila. Fim ɗin da ya yi ƙarfin halin yin tambayar bai yi ƙarfin halin bin ta har ƙarshe ba.

Na uku, hukumar tana tura yara fagen yaƙi, kuma ba wanda ya ɗaga gira a kan haka. Yuuno, wanda shi ne abokin tafiyar Nanoha a zangon farko, an tura shi ɗakin karatu kusan rabin zangon. Iyalan Nanoha sun koma 'yan kallo. Sunayen makamai da dabarun yaƙi kuma sukan yi yawa har su rikita sabon mai kallo.

Ita ma Nanoha ba ta sauya sosai daga farko zuwa ƙarshe ba. Sunanta ne a kan fim ɗin, amma labarin na gidan Yagami ne da na Fate.

Sallama cikin dusar ƙanƙara

Abin da ya warware rikicin ba ƙarfi kaɗai ba ne. A cikin littafin, Hayate ta farka daga barcin da aka sa ta, ta ƙi karɓar mafarkin da aka yi mata tayi, ta tuna wa ruhin littafin cewa ita ce uwar gidanta. Sannan ta yi mata abin da ba wanda ya taɓa yi mata: ta raɗa mata suna, Reinforce. Da wannan ta raba littafin da gurɓataccen sashensa, ta dawo da mayaƙanta huɗu.

Sai kowa ya haɗu a sahu ɗaya. Harba Arc-en-ciel a doron ƙasa zai shafe birnin, don haka suka farfasa dodon a teku, Chrono ya daskarar da shi da sandar da Graham ya tanada domin Hayate, aka cilla zuciyarsa sararin samaniya. A can Lindy ta harba igwar da ta kashe mijinta, wannan karon ba tare da an rasa rai ba.

Da fim ɗin ya tsaya nan, da ya zama nasara irin wadda aka saba. Amma kashi na 13 ya zo da lissafin da ya rage. Reinforce ta bayyana cewa muddin tana nan, gurɓataccen sashen zai sake tsirowa ya koma kan Hayate. Ta roƙi Nanoha da Fate su shafe ta tun yarinyar tana barci.

Hayate ta farka, ta turo kekenta cikin dusar ƙanƙara har saman tudu, keken ya kife, ta ci gaba da jan jiki tana roƙon a dakata. Reinforce ta durƙusa ta lallashe ta, ta nemi a bai wa na'urar da za ta gaje ta sunan da aka raɗa mata, sannan ta ɓace.

A nan amsar da aka bai wa Graham ta cika. Shi ma sadaukar da rai ɗaya ya nema, kuma a ƙarshe rai ɗaya aka rasa. Bambancin shi ne ya zaɓar wa wata ba da saninta ba, saboda yana ganin ba mai kukanta. Reinforce ita ta zaɓar wa kanta, kuma an yi kukanta.

Fim ɗin ya rufe da hoton shekara shida bayan haka. Hayate tana tafiya da ƙafafunta zuwa makaranta, tare da wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai suna Reinforce ta biyu.

Jerin ya ci gaba da StrikerS a 2007 mai kashi 26, inda jaruman suka girma suka zama jami'ai, sai ViVid a 2015, da finafinan silima Reflection a 2017 da Detonation a 2018. Shinbo kuma, wanda ya bar jerin bayan zangon farko, ya dawo wa salon a 2011 da Puella Magi Madoka Magica, wanda ya kai labarin 'yan mata masu sihiri cikin duhun da ya fi wannan.

Ga mai son gwadawa, zangon farko ne ƙofar shiga, domin ba za a ji nauyin mafarkin Fate ba sai an san abin da Precia ta yi mata. Kashi 13 ne kowanensu, kowane kashi bai kai rabin awa ba. Wanda ya yi haƙuri da tafiyar hawainiyar da aka fara da ita a 2004, zai tarar da ladansa a gidan Hayate Yagami.